Yadda Yaya Tsaf Ya Warkar da Matarsa

A duk danginmu, daga masu furfura har masu rarrafe, babu wanda ya kama ƙafar Yaya Tsaf wajen sanin inda ya kamata kowane abu ya zauna. Mutum ne da in ya doso ƙofa, takalman da aka watsar a wurin da kansu suke gyara sahu. Ƙura in ta hango shi daga nesa, sai ta tattara 'ya'yanta ta koma gidan maƙwabta. An ce ranar da aka haife shi, kafin ya yi kukan farko sai da ya harari ungozoma, saboda zanen gadon ya karkace. Masu hassada suna cewa ƙari aka yi. Waɗanda suka taɓa zama a falonsa ba sa cewa komai.

Aikin da ya yi har ya manyanta shi ne kula da sito a wani kamfanin kayan gini. Amma kul ka faɗi haka a gabansa. Shi "jami'in tsare-tsaren ajiya" ne, kuma ba ya furta sunan muƙamin sai ya gyara wuyan riga. A sitonsa ƙusa ba ta isa ta kwana a gidan noti ba. Dokokinsa kuwa, ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka su ba gargada: mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama, dogo baya, gajere gaba, kuma ba abin da zai fita sai mai makulli ya sani. Da ya yi ritaya ya bar musu siminti da fenti, ya taho gida da dokokin nan a ƙirjinsa, suna ta mutsu-mutsu, sun rasa wanda za su kama.

A gida akwai Anti, matarsa. Gajeriya ce mai yawan dariya, in ta tsaya kusa da shi kanta daidai aljihun rigarsa yake tsayawa. Ba ƙazama ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Tana shara, tana goge-goge, tukwanenta har fuska ake gani a jikinsu. Ita dai ra'ayinta abu ya zauna inda hannu zai kai gare shi. Tana da lungunta a falo, gindin taga: wata tsohuwar kujera da ta riga ta ɗauki siffar jikinta, kwandon zaren saƙa, ƙwarashi, tabarau, ƙaramar rediyo, filas ɗin shayi, da wani kofi mai ɓantararren baki wanda ta rantse shayi ba ya daɗi sai a cikinsa. Nan ƙawayenta ke samunta da yamma a yi ta hira da shewa. Yaya ya daɗe yana kallon lungun nan yadda soja ke kallon garin da ya gagara ci. Anti ta bar masa durowarsa da but ɗin motarsa ya yi ta mulki a ciki, ta ce iyakarsa ke nan.

Ana nan sai ciwon kai da jiri suka matsa wa Anti, ya kai ta asibiti. Likitar wata mace ce marar yawan magana. Ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta dubi na'ura, ta sake dubawa.

"Mama, jininki ya hau sosai. Ga magani, a sha kullum da safe. A rage gishiri, a rage damuwa, a samu natsuwa. In kika dawo wata mai zuwa bai sauka ba, gado zan ba ki."

Anti ba ta tsoron kare, ba ta tsoron tsawa, amma tana tsoron gadon asibiti, don a kan irinsa ta rabu da mahaifiyarta. Ta hau gyara mayafi. Yaya ya ga ta tsorata, shi ma tsoro ya kama shi. Duk girman kansa, bai san yadda ake wuni a gidan da babu matar nan ba.

A hanyar dawowa kalmar natsuwa ta yi ta kewaya a kansa, har ya tuno wani shirin rediyo da aka ce gida a hargitse yana gajiyar da ƙwaƙwalwa, gida a kimtse yana kwantar da hankali. Maganar gaskiya ce, wanda ya faɗe ta ma masani ne. Kuskuren bawan Allah ɗaya ne: bai san Yaya yana saurare ba.

Ya rage gudun mota, ya yi gyaran murya.

"Maman yara, kwantar da hankalinki, na gano cutar. Likita ta yi iya karatunta, amma ita jini ta sani, ba ta san ajiya ba. Damuwa ba daga sama take faɗowa ba, daga tarkace take tsirowa. Ido ya ga kofi a inda ba wurinsa ba, sai ya kai ƙara wurin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ta buga wa zuciya waya. Zuciya ta hura wa jini wuta. Wannan kimiyya ce. Daga yau ni zan riƙe gidan nan, ke kuma ki huta."

"Baban yara, ai gidan lafiyarsa ƙalau."

"Haka duk marasa lafiya ke cewa."

Washegari Janar na Tsintsiya ya ɗaura yaƙi. Ya kira kafinta ya kafa masa kantoci a falo da kicin, tun daga ƙasa har silin. Sannan ya naɗe hannun riga ya saki dokokinsa, suka fito da yunwarsu. Mai nauyi ƙasa: buhun shinkafa, jarkar mai, keken ɗinkin da ba a taɓa shi sai shekara-shekara, duk suka sami gurbi mai daraja daidai inda hannu ke kaiwa. Marar nauyi sama: tabarau, ƙwarashi, zaren saƙa, ganyen shayi, ashana, rimot. Can ƙololuwa kuwa, inda gizo-gizo ma sai ya huta a hanya kafin ya isa, aka ɗora abin da ya fi komai rashin nauyi a gidan, wato maganin hawan jinin Anti.

Shi Yaya miƙa hannu kawai yake yi ya ɗauko. Bai taɓa lura cewa ba kowa Allah ya yi wa tsawon falwaya ba. Saboda haka kullum da safe sai ka ga Anti a kan benci, ta yi ɗage, hannu ɗaya dafe da bango, tana lalubo maganin jiri a wurin da ke sa jiri.

"Baban yara, ka sauko mini da maganin nan ƙasa mana."

"Ba za a yi ba. In na sauko da shi yau, gobe ashana za ta ce ita ma 'yar gida ce. Tsari in aka huda shi a wuri guda, ya yoye gaba ɗaya. In kina so ki kira ni."

In ta kira shi kuwa, yana banɗaki yana jera sabulai, dogo baya, gajere gaba, ba ya son a katse masa tunani.

Lungun taga shi ne babbar nasararsa. Ya rushe shi da safiya guda. Tsohuwar kujerar aka ja ta cikin sahun kujeru, ƙarshen layi, tana kallon bango. Rediyo ta tafi sama. Kofin nan mai ɓantararren baki aka yanke masa hukuncin lalatattun kaya, aka kulle shi a kabad, makulli ya shiga aljihun Yaya. Da ya gama ya tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙugu, ya shaƙi iska. Shi kam ya ji natsuwar har cikin ƙashinsa. Ya tabbata Anti ma tana ji, kunya ce ta hana ta faɗa.

Daga nan jinya ta kankama. In Anti ta zauna, Yaya na tsaye a bayanta yana jiran ta tashi ya gyara matashin kujera. In ta ajiye kofin shayi don ta yi tari, kafin ta gama tarin an wanke kofin an kife. In ta cire ɗankwali ta sha iska, sai ta tarar da shi a ninke a cikin durowa, har da guga. Ga kuma tambaya. Yana wucewa da tsumman goge-goge sai ya tsaya ya leƙa fuskarta.

"Kin fara jin natsuwar?"

"Na fara."

"Ban ga alama ba. Dubi kantar can. Dube ta da kyau. Yanzu fa?"

Babu mamaki a duniya an taɓa tsare mutum a ce sai ya faɗi gaskiya, ko sai ya fito da abin da ya ɓoye. Anti ce ta farko da aka tsare aka ce sai ta natsu.

Ƙawayenta suka zo gaishe ta, wata mai kitso da wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Farfesan Jeri ya tare su a ƙofa, ya dubi tsawon kowacce, ya nuna mata kujerar da ta dace da ita. Ba su gama gaisawa ba ya shigo da tsintsiya ya ce su ɗaga ƙafa. Suna ɗage da ƙafafu kamar masu tsallake kwata, ya ga ai taro ya taru, asara ce a bar shi ba jawabi.

"Ku mata ba ku san cewa rabin ciwon da kuke kai wa asibiti a cikin kwandunanku yake kwana ba. Ni da kuke gani, ban taɓa ciwon kai ba. Me ya sa? Domin na san inda kowace allura take a gidan nan. Mutumin da ya san inda allurarsa take, me zai dame shi a duniya?"

Mai kitso ta buɗe baki za ta ba shi amsa, Anti ta ƙifta mata ido. Ba su ƙara zuwa ba. 'Yarsu ma ta kawo jikoki sau ɗaya, aka zaunar da su a jere kamar gwangwanayen fenti, aka karɓe ƙwallon ƙaramin aka kai sama saboda ba ta da nauyi. Tun daga ranar ta koma gaisuwa ta waya. Yaya ya lura gidan ya yi tsit, ya ji daɗi ƙwarai. A wurin mai aski har yana ba da labari.

"Ku zo ku ga gidana yanzu. Ko ƙuda in ya shigo, a hankali yake tashi. Ni na rage wa asibiti aiki. Da hukuma ta san darajar mutane, da tuni an kira ni na koyar da likitoci."

Da aka raba wata, ya ɗauki Anti zuwa kemis a gwada jinin, don ya sami shaidar da zai nuna wa duniya. Mai kemis ya gwada, ya ɗaga kai ya dubi Anti da tausayi. Jinin ya ƙara hawa.

Da wani mutumin ne, da a nan zai tsaya ya yi wa kansa tambaya. Yaya ba wani mutum ba ne.

"Akwai sauran tarkace," in ji shi. "Wani abu na nan ya ɓuya."

Suna komawa gida ya shiga farauta. Ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya shafa bayan firij, ya buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya ko wata ta haɗiye murfin da ba nata ba. A gaskiya tsoro yake ji: ranar komawa asibiti na matsowa, gadon nan na jira. A ɗakin kwana ya tarar da Anti zaune a can gefen gado, a ɗofane, don kada ta yamutsa shimfiɗa. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ni fa gidana nake kewa."

"Ai kina cikinsa."

"Ina cikin sitonka dai."

Da ya ji wannan maganar, da wataƙila labarin ya ƙare a nan. Amma daidai lokacin idonsa ya sauka a kan katon kabad ɗin tufafi da ke bayanta. Gefe ɗaya ya manne da bango, ɗaya gefen ya ɗan baro shi, tazarar da yatsa zai shiga. A karkace! A ɗakin da take kwana! Kullum da shi take buɗe ido!

"Ga mugun nan!" Ya daka tsawa har Anti ta zabura. "Shi ke shan jininki!"

"Don Allah bar shi, a kira masu ƙarfi."

"Ni da na juya tirelolin siminti?"

Bai faɗi cewa da baki ya juya su ba, yana tsaye a inuwa yana nuna wa lebura da biro. Ya kafa kafaɗa, ya ja numfashi, ya tura. Kabad ɗin bai ko yi tari ba. Ya sake turawa da dukkan ilminsa. Sai aka ji ƙas! Ba daga kabad ba.

Maƙwabta ne suka ɗora shi a kan gado, a miƙe kamar katako. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi da man shafawa da umarni: ya kwanta, kada ya ɗauki abin da ya fi cokali nauyi, sai an sake duba shi ranar da Anti za ta koma.

Janar bai ajiye muƙami don ya kwanta ba. Daga kan gado ya ci gaba da ba da oda.

"Maman yara! Na ji an ajiye wani abu a kan tebur!"

"Sannu, Baban yara. Bari in rufe maka ƙofa, iska na shigo maka."

Ta rufe. A nan azabarsa ta fara, don kunnensa ya zama ido. Ya ji an ja benci. Ya ji ana sauke abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ji ƙafafun wata kujera suna kukan murna a kan siminti, sun nufi wajen taga. Ya laluba aljihu, ya tuna an cire masa rigar da makullai ke ciki. Can sai rediyo ta kama waƙa. Ya rufe ido yana hango gidansa na rushewa: tsummokara har gwiwa, kyankyasai sun kafa gwamnati a kicin. Bayan kwana biyu ya ji sallamar mai kitso, ya ji shewa, ya ji ƙwallo na dukan bango. Ya ce a ransa, shi ke nan, za su kashe mini mata.

Shi kansa gadon nasa bai tsira ba. Mutumin da ba ya iya miƙewa dole komai ya matso kusa da shi. Kofin ruwa ya zauna a gefen matashi. Man shafawa, tabarau, jarida, waya, ɓawon lemo a faranti, duk suka kewaye shi, mai nauyi da marar nauyi a cakuɗe, ba babba ba yaro. Ya sa musu suna "ajiyar wucin gadi" don ransa ya yi sanyi. A tsakiyar wannan wucin gadin ne ya riƙa sharar barcin rana irin wanda bai taɓa yi ba tun yana saurayi, baki buɗe, munsharinsa na kaɗa labule.

Wata rana da yamma, yana bin bango zai je banɗaki, ya daure ya leƙa falo don ya ga girman ɓarnar. Ƙasa na sheƙi. Kujeru a goge. Kantocinsa na nan, sai dai an yi musu juyin mulki: magani, tabarau da ganyen shayi sun sauko daidai kafaɗar Anti, sama kuma an bar wa iska. Ita tana gindin taga a tsohuwar kujerarta, zare ya zubo daga cinyarta ya yi tafiyarsa har ƙarƙashin tebur, tana dariya har da share hawaye. Rabon da ya ji wannan dariyar har ya manta.

"A'a, Baban yara, ka fito? Wallahi kantocin nan naka sun yi amfani, Allah ya saka da alheri. Yanzu ba na neman komai in rasa. Sauko da su Malam Magani kawai na yi, sun gaji da zaman bene."

Ya ɗaga yatsa zai yi jawabi a kan zaren nan. Bayansa ya tsunkule shi. Ya sauke yatsa ya ci gaba da bin bango.

Ranar komawa asibiti suka tafi tare, ita tana tafe, shi yana dogara sanda. Likita ta ɗaura wa Anti abin awo. Yaya ya kasa kallon na'urar, ya kafa wa takalmansa ido, bakinsa na motsi da addu'a. Likita ta duba, ta sake dubawa, sannan a karon farko ta yi murmushi.

"Mama, ya sauka. Ba maganar gado. Me kika canza?"

Kafin Anti ta buɗe baki, Yaya ya riga ya gyara wuyan riga.

"Likita, bari in taimaka miki, don ki amfanar da wasu. Tsari ne. Na kafa shi da hannuna, har na sadaukar da bayana a kansa. Shi tsari kamar allura yake, ba ranar da aka yi ta take aiki ba. Da na kwanta ne ya gama ratsa ta."

"Wato tun da ka kwanta ta fara samun sauƙi?"

"Daidai! Kin gane da wuri."

Likita ta ce ya hau gadon gwaji. Ta danna nan, ta danna can, ta sa ya sunkuya ya miƙe.

"Baba, ai kai ma ka warware. Daga gobe kana iya komawa ayyukanka."

Idon Yaya ya kawo haske. Tuni ya fara lissafin ta inda zai faro: zaren nan tukuna, sannan kujerar. Anti ta dube shi, ta ga hasken, ta matso da kujerarta kusa da tebur, ta rage murya.

"Likita, ba za a ɗan ƙara masa kwanciyar ba? Kada ya fama."

Likita ta dubi Anti. Ta dubi na'urar awon jini. Ta dubi Yaya, wanda ya riga ya miƙa hannu yana daidaita mata birukan da ke kan teburinta, dogo baya, gajere gaba. Ta ce ya juya, ta sake danna bayan nasa da yatsa ɗaya.

"Gaskiyar Mama ce. Akwai wani wuri a nan da bai gama haɗuwa ba. A ci gaba da kwanciya. Ban da shara, ban da jera kaya, ban da ba da oda da ƙarfi, yana jijjiga ƙashin baya."

Idon Yaya ya ciko da ƙwalla. Ya dubi matarsa, ita da ke fama da nata ciwon amma ta shi take yi.

"Kin gani ko, likita? Samun irin matar nan sai an tona."

Har yau wurin nan bai gama haɗuwa ba. Duk lokacin da aka koma asibiti, sai a gwada jinin Anti, a ga lafiya lau, a ƙara wa Yaya hutu. Duk wanda ya je duba shi zai same shi a kishingiɗe cikin ajiyar wucin gadi, ya yi ƙiba, ya yi haske, yana ba da labarin yadda ya warkar da matarsa daga hawan jini ba tare da ya karanta likitanci ba. Kuma ba mai ƙaryata shi, don gaskiya yake faɗa. A tarihin asibitin nan, shi ne mutum na farko da aka kwantar domin wani ya samu lafiya.